Bakin titi, layin baya, ko bayan gari: wane gida za ka saya?

Dillali ya san lokacin da yake kai mutum ganin gida. Da hantsi ne, a tsakiyar mako, sa'ad da yara suna makaranta, ma'aikata sun riga sun wuce, masu gidajen abinci kuma ba su gama share ƙofar shagonsu ba. A wannan lokacin kowace unguwa saliha ce. Ita kuwa unguwa mai rai da ke kusa da tsakiyar birni, irin wadda shaguna da wuraren cin abinci da tashar bas suke cakuɗe da gidajen kwana, fuska uku ko huɗu gare ta a yini guda, kuma wadda ta fi ladabi a cikinsu ita ake nuna wa mai saye. Sauran sai ya tare yake haɗuwa da su.

Ba cewa nake yi a guji irin wannan unguwa ba. Ni kaina ina cikin masu son ta. Akwai daɗi a ce ka fito da silifas ka sayi magani da ƙarfe goman dare, ko ɗanka ya tafi makaranta da ƙafa ba tare da ka tayar da mota ba. Abin da nake so mu auna shi ne, mutum ya tara kuɗinsa ko ya samu inda za a ba shi bashi, kuma kuɗin nan za su iya saya masa ɗaya daga cikin abu uku. Ko fulat, wato gida ɗaya cikin bene mai gidaje da yawa, a sabon dogon bene a bakin babban titin unguwar, inda komai yake faruwa. Ko tsohon gida, ko fulat a wani ƙaramin tsohon bene, a layi na biyu ko na uku bayan wannan titin. Ko kuma gida mai fili da tsakar gida a bayan gari, a riƙa shigowa daga can kullum safiya. Yawancin mutane sun ɗauka gardamar tsakanin cikin gari da bayan gari take. A ganina tazarar da ke tsakanin bakin titi da layin baya, wadda ba ta wuce tafiyar minti biyar da ƙafa ba, ita ta fi taɓa barcin mutum da aljihunsa.

Bari mu sallami bayan gari tukuna, don lissafinsa ba shi da wuya. Da kuɗin ɗaki biyu a cikin gari kana iya samun ɗaki huɗu da filin shanya a can. Abin da kake biya da shi lokaci ne. A ce gidan ya ƙara maka minti 45 a tafiya, 45 a dawowa. Awa ɗaya da rabi ke nan a rana. In kana fita kwana 240 a shekara, ka zubar da awa 360 a kan hanya, wato kwana 45 na aiki in ana yin awa takwas. Wani masani ɗan Italiya, Cesare Marchetti, ya yi rubutu a 1994 yana cewa tun zamanin da ake tafiya da ƙafa har zuwa zamanin mota, ɗan Adam kusan awa ɗaya yake warewa a rana domin zirga-zirga, kuma birane gwargwadon abin da awa ɗayar nan za ta iya ci suke faɗaɗa. In ka zarce ta da yawa, jikinka zai gaya maka kafin shekara ta zagayo. Sannan ga mota ta biyu, domin a bayan gari in mai gida ya fita da ɗaya, iyali sun zama fursunoni. Wanda yake aiki daga gida, ko yake da yara biyar da tsohuwa a wurinsa, bayan gari na iya zama masa daidai, ba ni da ja. Amma wanda ya riga ya san zuciyarsa tana cikin gari, kada ya bari yawan ɗakuna ya ruɗe shi ya sayi gidan da kwana kaɗai zai riƙa kai shi.

Abin da kunne zai ji

Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Unguwa mai rai tana da ƙara, wannan ba abin kai ƙara ba ne. Sai dai ƙarar ba daidai take a ko'ina ba, kuma a nan ne mutane suke yin asarar da ba ta gyaruwa.

Ana auna ƙara da desibel, kuma ma'aunin ba ya tafiya kamar awon mudu. Ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar sau biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar wa nahiyar Turai a 2018, ta ba da shawarar kada hayaniyar motoci a wajen gida ta wuce desibel 53 a matsakaicin yini, da dare kuma kada ta wuce 45. Tun a 1999 ta ce cikin ɗakin kwana bai kamata ya wuce 30 ba in ana son barci mai kyau. Babban titi mai bas da manyan motoci yakan haura 70 ba tare da wani abin mamaki ya faru ba. Dalilin damuwar hukumar bai tsaya ga ɓacin rai ba: ƙarar dare tana tayar da jiki ko da mutum bai farka ba, kuma an daɗe da danganta zama cikinta shekara da shekaru da hawan jini da ciwon zuciya. Mutum yakan ce ai na saba. Hankalinsa ne ya saba, jijiyoyinsa ba su saba ba.

Ga abin da ya sa nake fifita layin baya. Nisa kaɗai ba ya rage ƙarar titi sosai. In ka ninka tazararka daga titin, abin da zai ragu bai wuce desibel 3 ba. Amma jerin gine-gine da ya shiga tsakaninka da titin yakan tare fiye da 10. Wato gidajen bakin titi su ne katangarka, su ke shan dukan, kai kana bayansu kana barci. Shi ya sa za ka shiga wani lungu mai nisan mita 150 daga kasuwar dare ka ji kamar ka bar garin. Shi kuwa mai fulat a hawa na tara a bakin titi, yana tsammanin tsawo zai cece shi, alhali daga can sama tagarsa tana kallon titin tun daga wannan mahaɗa har waccan, babu abin da ya tare.

Masu sabon bene za su nuna maka taga mai gilashi ruɓi biyu, su rufe ta a gabanka, ƙarar ta ɗauke kamar an kashe rediyo. Gaskiya ne tana aiki. Amma ka tambayi kanka ko za ka iya rayuwa da taga a rufe shekara ashirin, da kuɗin sanyaya ɗaki da hakan zai jawo. Sannan gilashi ƙarar taya da hon yake tarewa. Dukan kiɗa mai kauri daga gidan rawa, wanda ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne, yana bin bango da kankare ya hau har hawa na biyar. Na taɓa kwana biyu a wani fulat da ake neman sayar mini, da izinin mai shi. Daren farko lafiya lau. Dare na biyu, wajen ƙarfe ɗaya, na ga ruwan da ke cikin kofi a gefen gadona yana rawa. Da safe kuma ƙarfe biyar motar kwasar shara ta zo ɗaukar kwalaben wurin. Ban koma ba.

Kada kuma ka dogara da cewa in abin ya dame ka za ka kai ƙara a rufe wurin. A wasu ƙasashe doka ta juya. Ingila ta sa a ƙa'idojin tsara birane a 2018 cewa wanda ya zo ya gina gidajen kwana kusa da wurin kiɗan da ya tarar, shi ne alhakin toshe ƙara yake kansa, ba mai wurin ba. Jihar Victoria a Ostareliya ta riga ta tun 2014. Ko inda babu wannan doka, wanda ka tarar a wuri ya fi ka sanin hanyar ofis.

Iska ma haka take. Hayaƙin motoci ya fi yawa a gefen titi, yana raguwa da sauri a mita ɗari ko ɗari biyu na farko, kafin ya daidaita da na sauran gari bayan 'yan ɗaruruwan mitoci. Mai asma ko mai jariri ya sa wannan a sikeli. Zafi kuma, tsakiyar birni ta fi kewayenta zafi musamman da dare, saboda kwalta da siminti suna shan rana su sake ta bayan magariba. Fulat na ƙarshe a saman bene mai kallon yamma shi ne tanderu. Layin baya mai bishiyoyi yana da nasa sanyin da ba a biyan kuɗinsa.

Sabon bene da abokan tarayyar da ba ka zaɓa ba

To, kada a ce na ɓata sabon bene. Yana da abin da tsohon gida ba shi da shi: wayar lantarki sabuwa, bututun ruwa sabo, lifta, mai gadi, wurin ajiye mota a ƙasa, kuma a ƙasashe da yawa magini yana ba da garanti na wasu shekaru a kan ginin. Ka karɓi makulli ka shimfiɗa katifa. Ga wanda aiki ya sha masa kai, ko mace mai zama ita kaɗai da ke son ƙofa biyu tsakaninta da titi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai wanda ya sayi fulat ba gida kaɗai ya saya ba, hannun jari ya saya a wata ƙungiya da bai san membobinta ba. Rufi na kowa ne, harsashin gini na kowa ne, lifta ta kowa ce. Kowane wata akwai kuɗin hidima, kuma wannan kuɗin ba ya ƙarewa ranar da ka gama biyan bashin gida. Masu gini sukan sa shi ƙasa a shekarun farko don a saya, daga baya gaskiya ta fito. Lifta takan buƙaci babban gyara ko canji bayan shekara 20 zuwa 25. Rufi da fentin waje da famfunan tura ruwa sama duk suna da nasu wa'adin. In ƙungiyar masu gidajen tana da asusun ko-ta-kwana da ake zuba wani abu a ciki duk wata, ranar gyara ba ta zama ranar makoki. In babu, sai a aiko wa kowa takarda ya kawo kasonsa a dunƙule, a fara taro ana faɗa, wannan ya ce ba shi da shi, wancan yana ƙasar waje ya zuba 'yan haya bai damu ba.

Inda wannan jan ƙafa yake kaiwa an gan shi a garin Surfside na jihar Florida a Amurka. Ranar 24 ga Yuni, 2021, wani ɓangare na bene mai hawa 12 da ake kira Champlain Towers South ya rufta cikin dare, mutum 98 suka rasu. An gina shi a 1981. Tun 2018 wani injiniya ya rubuta rahoto cewa kankaren da ke ƙarƙashin dandalin wurin ninƙaya ya lalace sosai, ruwa yana shiga yana cin rodi. Kusan shekara uku masu gidajen suna ta muhawara a kan kuɗin gyara. A 2022 jihar ta yi doka ta tilasta binciken tsofaffin benaye masu hawa uku zuwa sama, da ajiye kuɗin gyara. Sakamakon da ya biyo baya shi ma darasi ne ga mai saye: kuɗin wata ya yi tsalle a gine-gine da yawa, masu son sayarwa suka rasa mai taya.

A Landan kuma gobarar benen Grenfell mai hawa 24, ranar 14 ga Yuni, 2017, ta ci rai 72. Wutar ta bi wani rufin ado na alminiyom mai roba a ciki da aka lulluɓe jikin ginin da shi, ga matakala guda ɗaya tak. Bayan nan aka gano ɗaruruwan benaye suna sanye da irinsa, bankuna suka daina ba da bashi a kan fulat ɗin da ba shi da takardar shaidar cewa bangon wajensa ba mai cin wuta ba ne. Mutane da yawa da ba su aikata laifin komai ba suka shafe shekaru da gidan da ba ya sayuwa. Kyan ɗan maciji ke nan. Saboda haka kafin ka kalli tayil ɗin banɗaki, ka ƙirga matakalu, ka tambayi da me aka rufe jikin ginin, ka nemi rahoton taron masu gidaje na shekara uku da suka wuce da bayanin abin da ke cikin asusunsu. Takardun taron nan sun fi kowane dillali faɗin gaskiya. A ciki za ka ga wane hawa ne yake yoyo, su wa suka ƙi biya, da wa ake shari'a.

Akwai kuma saye tun gini yana kan takarda, inda ake rage maka farashi don ka biya kafin a kammala. Ragin gaskiya ne, haɗarin ma gaskiya ne. A China, bayan kamfanin Evergrande ya kasa biyan basussukansa a ƙarshen 2021, masu saye a birane da dama sun wayi gari a 2022 suna biyan banki kuɗin gidajen da aikinsu ya tsaya cak, har suka haɗa kai suka ce sun daina biya. In dole sai ka saya a haka, ka tabbata kuɗinka yana hannun wani amintacce na uku, ana sakar wa magini kashi-kashi gwargwadon inda aiki ya kai.

Tsohon gida ba ya ɓoye shekarunsa, yana ɓoye ciwonsa

Tsohon gidan layin baya matsalarsa taka ce kai kaɗai, kuma wannan shi ne daɗinsa, shi ne kuma nauyinsa. Ba ka jiran taron kowa kafin ka gyara rufi, amma babu wanda zai raba kuɗin da kai. Masu harkar gidaje sukan ce a ware kusan kashi 1 cikin 100 na darajar gida duk shekara domin gyara. Ga tsohon gini ni sai in ce a ninka.

Sabon fenti a tsohon bango abin tuhuma ne. Ka shafa ƙasan bangon da hannu, ka shinshina cikin kabad, ka ɗaga kai ka duba kusurwar silin. Danshi da ke tasowa daga ƙasa yakan bar tabo da gishiri-gishiri har kusan tsawon mita ɗaya. Tsaga siririya kamar gashi a filasta ba komai ba ce. Wadda ta bi layin bulo tana hawa kamar matakala, ko ta fi faɗi a sama, tana cewa ƙasa ta motsa a ƙarƙashin harsashi. Buɗe famfo biyu a lokaci guda ka ga ƙarfin ruwan, domin tsofaffin bututun ƙarfe tsatsa takan cike cikinsu bayan shekara arba'in ko hamsin. Wayar lantarkin da aka ja a zamanin da kayan wutar gida ba su wuce ƙwan fitila da rediyo ba, ba za ta ɗauki na'urar sanyaya ɗaki da injin wanki da abin dumama ruwa ba. Sake jan waya kuwa yana nufin fasa bango a kowane ɗaki.

Akwai guba biyu da tsofaffin gine-gine suke ɗauke da su. Fenti mai dalma, wanda Amurka ta hana amfani da shi a gidaje a 1978, yana illa ga ƙwaƙwalwar yara in ya fara ɓarewa ko aka goge shi ya zama ƙura. Sai asbesto, da aka daɗe ana yin kwanon rufi da silin da shi, Birtaniya ta hana shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005, ƙasashe da yawa kuma har yanzu ba su hana ba. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da ka sa leburori su farfasa shi don ka faɗaɗa kicin, ranar ce ƙurarsa take shiga huhu. Duk waɗannan injiniyan gini da ka ɗauka da kuɗinka, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba, zai gano su a yini ɗaya. Ban taɓa jin wanda ya yi nadamar biyan wannan kuɗin ba.

Abu ɗaya da tsohuwar unguwa take yawan fama da shi, wanda injiniya ba zai gani a cikin gida ba, shi ne magudanar ruwa. An haƙa ta lokacin da mutanen unguwar ba su kai rabin na yanzu ba, kuma lokacin akwai filaye masu shanye ruwan sama. Ka duba ko maƙwabta sun ɗaga dokin ƙofarsu da bulo ɗaya ko biyu. In layin gaba ɗaya ya yi haka, ba ado suke yi ba.

Me ya sa duk da wannan nake karkata ga tsohon gida? Ƙasa. Gini tsufa yake yi yana rage daraja, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ita ce take tsada, kuma kusa da tsakiyar birni ba a ƙera sabuwa. Mai gida a kan filinsa shi ke da ƙasar duka. Mai fulat a bene mai gida ɗari yana da kashi ɗaya cikin ɗari, kuma in an gina wani bene irinsa a gefe baɗi, ranar da zai sayar yana gasa da sababbi fil. Ƙaramin tsohon bene mai gida huɗu ko shida yana tsakiya: kasonka na ƙasa ya fi girma, babu lifta balle kuɗinta, abokan tarayyarka kuma ka san su da suna. In ɗaya daga cikinsu ya zama ɗan taurin kai kuwa, to shi kaɗai ya isa ya tsayar da komai.

Wannan ya kawo mu kan takarda. A tabbata me ake sayarwa: mallaka ce ta har abada, ko haƙƙin zama na wasu shekaru? A China filin gidan kwana na shekara 70 ake bayarwa, gidajen gwamnati a Singafo na shekara 99, yawancin fulat a Ingila ma a kan wa'adi suke. Wa'adin yana raguwa, darajar tana bin sa, kuma in ya gajarta bankuna sukan ƙi ba mai saye na gaba bashi. A tsofaffin unguwanni kuma gida yakan zama na gado, magada goma, tara sun yarda, ɗaya yana wata ƙasa bai sa hannu ba. Ko a tarar an ƙara ɗaki a sama ba da izinin hukumar tsara birni ba. Lauya ya je ofishin rajistar filaye da ƙafarsa. Kwafin da dillali ya miƙo maka ba hujja ba ne.

Kuɗi, mota, da unguwar da ba ta tsayawa wuri ɗaya

Mai sayen gida da bashin banki ya yi wannan lissafin kafin ya ƙara ko sisi don ya samu baranda mai kallon titi. In kuɗin ruwa kashi 7 cikin 100 ne, aka ba ka shekara 30, duk 100 da ka ranta kusan 240 za ka mayar, kuma a shekarar farko kusan kashi 87 cikin 100 na abin da ka biya ruwa ne, uwar kuɗin ba ta ko girgiza ba. In ka rage zuwa shekara 20, abin da za ka mayar ya sauko kusan 186. Masu guje wa riba suna bin bankunan Musulunci ta hanyar murabaha (banki ya sayi gidan ya sayar maka da ƙarin da kuka amince), ko ijara (banki ya saya ya ba ka haya), ko tarayyar da kason banki yake raguwa a hankali. Nan ma a tara jimillar abin da za a biya a kwatanta. Ga la'adar dillali, kuɗin lauya, harajin saye da rajista, waɗanda ba sa dawowa. Shi ya sa ake cewa wanda bai da tabbacin zai zauna shekara biyar, haya ta fi masa. Hayar ma ina ba da shawararta ga kowa: ka kama ɗaki a unguwar wata shida kafin ka saya, ka ga zafinta da daminarta.

Gidan cikin gari yakan fi saurin samun mai saye da ɗan haya, amma ba doka ba ce. A 2020, lokacin annobar korona, kuɗin haya ya faɗi a tsakiyar Landan da New York da San Francisco, mutane suka gudu neman fili. Cikin shekara biyu ya dawo har ya zarce a Landan da New York. Wanda ya iya riƙewa bai yi asara ba. Wanda bashi ya shaƙe shi ne ya sayar a ƙasa.

Mota kuwa, a nan sabon bene ya yi nasara ƙarara. Tsohon layi an shata shi kafin kowa ya mallaki mota, kuma masu zuwa cin abinci a babban titi a ƙofarka za su ajiye tasu. Ka dawo ƙarfe tara ka yi ta zagaye kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Birane kuma ƙara matse mota suke yi: Singafo ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar gari tun 1975, Landan a 2003, Stockholm a 2007. In sana'arka ba ta yiwuwa sai da mota, wurin ajiyewa da aka rubuta a takardar mallaka ya fi ƙarin ɗaki. In kuwa tashar bas ko jirgin ƙasa tana cikin mita 800, wato tafiyar minti goma, ka gwada lissafin rayuwa babu motar. Abin da zai rage maka na iya cike giɓin farashin.

Ka tuna kuma unguwar da ka gani yau ba ita za ka tarar bayan shekara goma ba. Wata masaniyar zamantakewa, Ruth Glass, ta bayyana tun 1964 yadda masu kuɗi suke shigowa tsofaffin unguwannin talakawa a Landan suna gyara gidaje har 'yan asali su kasa zama. Mai gida yana cin riba a takarda, amma tela da mai gyaran takalmi da ƙaramin kantin da suka sa ya so wurin sukan tafi, mashaya ta maye gurbinsu. Ga kuma hayar kwana biyu ta manhajoji irin su Airbnb, wadda ta fi kama sababbin benaye na bakin titi: kowane mako baƙuwar fuska da akwati a lifta, ba ka san wa ke kwana a bayan bangonka ba. Abin ya kai New York ta fara aiwatar da doka mai tsauri a kai a Satumban 2023, Barcelona kuma ta sanar a 2024 cewa za ta soke lasisin irin waɗannan gidaje kusan 10,000 zuwa ƙarshen 2028. Wannan takobi ne mai kaifi biyu: ya yi wa mai zama daɗi, ya karya lissafin wanda ya saya don ya riƙa sa baƙi. Duk wani kango ko filin ajiye motoci da ke gefen gidan da kake so, ka je hukumar tsara birni ka tambayi me aka ba da izinin ginawa a wurin. Hasken da ke shigowa falonka yau yana iya zama bangon wani gobe.

In aka tambaye ni, matashi ko ma'aurata marasa yara, masu yawan tafiya, masu nauyin barci, su ɗauki sabon bene, amma su nemi fulat ɗin da ɗakin kwanansa yake kallon baya, a tsakiyar tsawon ginin, ba saman gidan abinci ba inda bututun hayaƙi yake fita. Dattijo mai ciwon gwiwa ma lifta ta fi masa tsakar gida, muddin akwai janareto ko lifta ta biyu. Mai iyali da ke nufin zama shekara goma sha biyar, yana kuma da ɗan abin da ya rage a hannu bayan saye don gyara, layin baya ne nasa. In sayen zai cinye kuɗinsa ƙaf, kada ya taɓa tsohon gida, domin rufi ba ya jiran albashi.

Kowanne ka zaɓa, ka je sau huɗu ba tare da dillali ba. Ƙarfe bakwai na safe ranar aiki, ka yi tafiyar da za ka riƙa yi zuwa ofis da agogo a hannu. Ƙarfe sha ɗaya na daren ƙarshen mako, ka tsaya a ƙarƙashin tagar da za ta zama ta ɗakin kwananka, da manhajar auna ƙara a wayarka. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka je kafin ya janye. Na huɗu kuma da la'asar, ka sami wanda ya fi kowa daɗewa a layin, mai shago ko mai gadi ko tsohuwar da ke zama a ƙofa, ka gaishe shi da kyau, ka tambaye shi me ya sa masu gidan suke son tashi.